Yadda Ake Sassaƙa Kan Kibiya da Gindin Kwalba, Kafin a Kai Ga Dutse

Duk wanda ya shigo ɗakina ya ga kawunan kibiyar nan da na jera a bakin taga tambayarsa ɗaya ce, wai da wane inji na yanka su. In nace babu inji, da dutsen rafi da guntun wayar wuta nayi, sai mutum ya min kallon wanda ya raina masa hankali. To gaskiya ce kuma ba wani asiri a ciki, koren nan gindin kwalbar lemo ne, farin kuma fasasshen masai ne na tangaran da na tsinto a wajen masu gini. Guda ɗaya ne kawai na dutsen gaske a cikinsu, shi ma sai da na daɗe ina ɓarnar kwalabe kafin hannuna ya iya shi. In zaka nemi bidiyonsa a YouTube kalmar da zaka rubuta ita ce flintknapping, ni dai sassaƙar dutse nake ce masa, amma ka sani kallon bidiyo yana yaudara, zaka ga dattijon Bature yana zaune yana hira yana ɓantarar dutse kamar mai feraye rake, ba zai gaya maka ɗan gogawar da yayi da sauri kafin ya buga ita ce aikin gaba ɗaya ba.

Abun ba baƙo bane a wajenmu kamar yadda ake zato. Tsofaffi sun san ƙyastu da ƙanƙara, kafin ashana ta zo da su ake kunna wuta, kuma ƙanƙarar nan ita ce dai dutsen da ake magana. Manoma kuma suna tsintar gatarin aradu a gona, wanda ake cewa tsawa ce ta jefo shi, alhali gatari ne na mutanen da, sai dai shi bayan an sassaƙa wasa shi akeyi a jikin fa har yayi sulɓi, wannan wani aiki ne daban. A Mai Idon Toro a tudun Jos an samo gatura na hannu da aka sassaƙa fuska biyu, a saharar Tenere ta Nijar wajen Adrar Bous kuwa kawunan kibiya ne a warwatse a kan yashi. Mafi tsufan kayan dutse da aka sani har yanzu a Lomekwi aka tono su a Kenya, yamma da tafkin Turkana, a 2011, masu binciken suka ƙiyasta musu shekara miliyan 3.3. Har gobe akwai majema a cikin kabilar Gamo ta kudancin Habasha da suke kankare fata da dutsen da suka sassaƙa da hannunsu.

Kuskuren da nayi tun farko shi ne na ɗauka kowane dutse dutse ne. Na kwaso irin duwatsun da ake fasawa a kwari a zuba a kankare, na wuni ina jibga, ba abin da na samu sai gari da kumburarren ɗan yatsa. Dutse mai ƙwaya-ƙwaya a jikinsa baya yi, marmara bata yi, mai ɓarewa falle-falle shi ma baya yi. Wanda ake so shi ne wanda in ya fashe wurin zai fito sumul da ɗan lanƙwasa da zobe-zobe kamar cikin ɓawon kodi, irin yadda kwalba take fashewa. Ƙanƙara da danginta, aƙiƙ wato dutsen adon nan da ake sawa a zobe, jan dutsen nan da ake tsakiyar lantana da shi, sai kuma sarkinsu obsidiyan, wato baƙin gilashin da dutse mai aman wuta yake fitarwa, akwai shi da yawa a Habasha da Kenya da Meziko. Farin dutsen nan mai ƙyalli da ake samu a gonaki yana bada kaifi, mutanen da sunyi amfani da shi sosai, amma mugun taurin kai gare shi, inda ya ga dama yake tsagewa, kada ka fara koyo da shi zai sa ka tsani abun. In ka samu dutsen da kake zato, ɗaga shi da yatsu biyu ka ƙwanƙwasa da wani, in yace ƙal kamar kofin tangaran lafiyayye ne, in yace ƙub akwai tsaga a ciki, ka ajiye shi.

Shi yasa nace a fara da kwalba. Kyauta ce, ko'ina akwai, tafi dutse laushi, kuma kana ganin abin da yake faruwa a cikinta. Kada kuma wani ya ce maka ai wannan ha'inci ne. Ishi, mutum na ƙarshe daga kabilar Yahi ta Kalifoniya, wanda ya fito daga daji a garin Oroville a 1911 ya zauna a gidan tarihin jami'a a San Francisco har rasuwarsa a 1916, yawancin kawunan kibiyar da yayi a gaban masu kallo da gilashi yayi su, kuma da yawa daga abin da 'yan wannan sha'awa suka sani yau daga kallon hannunsa aka samo. 'Yan asalin yankin Kimberley a Ostireliya su ma da kwalabe suka koma yin kan mashi, har da tangaran ɗin da ake sawa a kan falwayar waya. Gilashin tebur mai kauri yana yi, fasasshen masai ko wajen wanke hannu na tangaran yana yi in ka wanke shi sosai. Gilashin ƙofar mota ne kawai kada ka ɓata lokacinka, an gasa shi ta yadda in ka taɓa zai tarwatse ya zama tsakuwa.

Kayan aiki ba su da yawa. Dutsen rafi mai sulɓi guda biyu ko uku, daga kamar ƙwan kaza zuwa kamar dunƙulen hannu, wanda in ka shafa zaka ji ɗan kaushi yafi don yana kama baki baya zamewa. Sai magogi, ni guntun faifan giranda na roƙa a wajen masu walda, dutsen wasa wuƙa ma yayi. Sai fata mai kauri guda biyu, babba ta rufe cinya, ƙarama ta tafin hannu, wajen dukawa zaka samu ragowar kilago da kuɗi kaɗan, ƙaramar ka ninka ta biyu ko ka ɗora a kan guntun robar taya ka ɗan fere kwari a tsakiya. Sai babban makamin, wanda nake kira basilla don yayi kama da ta baduku: ƙota ta itace mai tauri tsawon kamar taƙi ɗaya, a huda ta a tsakiya a cusa wayar jan ƙarfe mai kauri kamar ƙusa 'yar inci 4, a bar kamar rabin gaɓar yatsa a waje. Kafin ka cusa ka bubbuga wayar da guduma a kan maƙera tana juyawa, bugun yana sa jan ƙarfe yayi tauri, in ba haka ba kana dannawa zata lanƙwashe. Sai ka fiƙe bakin da magagari, ba tsini kamar allura ba, kamar bakin fensirin da aka ɗan yi rubutu da shi. Dalilin jan ƙarfe shi ne yana da laushin da gilashi zai ɗan nutse a jikinsa ya kama, baƙin ƙarfe mai tauri zamewa yake ya daddatse bakin. Zaka riƙa gyara bakin nan da magagari kullum, kusan duk minti goma.

Zaka ji Turawa suna ta maganar ƙaho, ka kula, ƙahon da suke nufi na barewar ƙasarsu ne mai rassa, shi ƙashi ne dunƙulalle mai nauyi wanda yake faɗuwa duk shekara wani ya tsiro. Ƙahon sa ko na rago da muke da shi dangin farce ne kuma cikinsa rami, na gwada, ɓata lokaci ne. In kana son abin bugu mai laushi gara guntun busasshiyar kirya ko kanya mai kaurin taɓarya, ko bututun jan ƙarfe da aka toshe bakinsa aka cika shi da nauyi.

Yanzu maganar da bana wasa da ita. Tabarau na masu walda ko masu giranda, farin nan mai rufe gefe, kada ka buga ko sau ɗaya babu shi, ɓarɓashin yana tashi sama ba ƙasa kawai ba. Takalmi rufaffe, dogon wando mai kauri, safar hannu ta fata a hannun da yake riƙe. Zaka yanke, wannan ba ko shakka, ka ajiye filasta da matsefata kusa, in kuma ka daɗe baka yi allurar tetanus ba kaje kayi tunda da kwalaben bola kake harka. Yankan gilashi baya zafi da farko, sai dai kawai kaga jini a kan fatar kana neman inda ya fito. Amma abin da yafi yanka haɗari shi ne ƙurar da baka gani. A garin Brandon na Ingila a da akwai masu sassaƙar ƙanƙarar bindiga, su suka riƙa ba sojan Birtaniya a zamanin yaƙin Napoleon, daga baya kuma kayansu har nan Afirka ta Yamma ake kawowa don bindigogin mafarauta, a cikin 'yan ɗakuna rufaffu suke aiki kuma da yawansu ciwon huhu ya kashe su tun da sauran ƙarfinsu, ƙurar dutsen in ta shiga huhu bata fita. Don haka a waje zaka zauna inda iska take kaɗawa tana ɗauke ƙurar daga gabanka, kada kayi a ɗaki, kada ka hura da baki. Ka shimfiɗa tampol ko buhu biyu a ƙasa, kuma dan Allah ba a tsakar gida inda yara suke yawo ba takalmi ba. Ni sau ɗaya nayi wannan gangancin, sartse ɗaya ya shiga ƙafar yarinya, abin da uwar ɗakina ta gaya min ranar ba zai rubutu ba, tun daga nan bayan gida can wajen garka na koma.

To a fara. Zaɓi kwalba mai gindi shimfiɗaɗɗe mai kauri, ba mai loɓawa ciki sosai ba. Jefa babbar ƙusa 'yar inci 6 a ciki, toshe bakin da babban yatsa, riƙe ta a saman bokiti ka girgiza sama da ƙasa, a hankali tukun kana ƙarawa, zaka ji fas gindin ya fice kamar faifai. Wata kwalbar gindin zai rabe biyu, ba komai ɗauko wata. Gefen faifan zai fito da ragowar bangon kwalbar a tsaye kamar haƙora, ɗora shi a kan fatar cinya ka bi da ƙaramin dutse kana ɗan tsittsinke su har ya zama faifai sosai.

Kafin ka ci gaba ka fahimci abu ɗaya, in ka gane shi sauran duk sabo ne. Ka taɓa ganin inda tsakuwar danƙo ta bugi gilashi mai kauri? Ta gaba ɗan ɗigo ne, ta baya kuma wani yanki ya fice kamar mazurari. Haka ƙarfin bugu yake tafiya a cikin gilashi da ƙanƙara, baya tafiya miƙe, buɗewa yake kamar malfa, kusan digiri 100. In ka buga a tsakiya mazurarin ya tsaya a ciki ya lalata maka dutse. In ka buga a kusa da baki sai gefe ɗaya na mazurarin ya fita ta jikin dutsen ya ɓallo wani siririn yanki, shi nake kira sala. Kuma salar ta ƙasa take fita, ta fuskar da baka kallo, wannan yana rikita sabon shiga sosai, kana bugun sama kana duba sama, alhali aikin yana ƙasa. Duk bugu ɗaya ka juya ka duba.

Wurin da makaminka zai sauka, wannan ɗan bakin, ni dakali nake ce masa. Sharaɗinsa uku ne kuma duk ranar da sala ta ƙi fita ɗaya daga cikinsu ka karya. Na farko kusurwar da ke tsakanin dakalin da fuskar da zaka cire wa sala dole ta gaza digiri 90, wato ta gaza sikwayar kafinta, in ta kai ko ta wuce ko zaka wuni kana bugu sai dai ka daddaƙe wurin yayi fari. Na biyu, ka ɗaga abun ka kalle shi ta gefe, ka ƙaddara akwai layi da ya raba kaurinsa biyu daidai, to dakalin ya kasance ƙasa da wannan layi, kusa da fuskar da kake so ka rage. In yana sama da layin ko dai salar ta fito guntuwa ko abun ya karye biyu a hannunka. Na uku, a dasashe shi. Baki mai kaifi siriri ba zai ɗauki ƙarfi ba, marmashewa zai yi, sai ka goga magogi a kai sau huɗu biyar har ka iya shafawa da yatsa bai yanke ka ba. Abun da ban dariya, kana son kaifi amma sai ka kashe kaifi tukun. Wannan gogawar ce na tsallake wata da watanni ina zagin kwalba.

Matsalar faifan kwalba ita ce gefensa a tsaye yake, digiri 90 cif, babu dakali. Maganinsa ka nemi wuri ɗaya da ya ɗan karkace, ko da inda ya ɓalle ne, ka cire sala ɗaya ƙarama. Juya faifan, sawun da salar nan ta bari ya zama maka dakali, buga a gefensa ka cire wata ta ɗaya fuskar. Sake juyawa. Haka zaka bi kana juyawa kamar mai gasa masara har ka zagayo, a ƙarshe bakin zai fito a karkace kamar tafiyar maciji, kuma ko'ina akwai wajen kamawa. Wannan matakin shi kaɗai ka maimaita shi a kan gindi biyar ko shida kafin ka damu da siffar kibiya.

Sai zaman dannawa. In kai badame ne ƙaramar fatar tana tafin hagu, gilashin a kai, yatsu huɗu sun danne shi ta sama, bayan hannun ya jingina da cikin cinyar hagu. Basilla a dama, wuyan hannun ya jingina da cikin cinyar dama. Ɗora bakin wayar a kan dakali, tura ciki tukuna, wato ka nufi ɗaya gefen gilashin kamar zaka huda shi ta baki, ka tara ƙarfi kana matse cinyoyinka, sai a ƙarshe ka ɗan fizga ƙasa. Zaka ji ƙyas, in ka ɗaga ga siririyar sala kwance a kan fata. Ƙarfin daga cinya da kafaɗa yake zuwa, wanda yake yi da wuyan hannu kawai kwana biyu zai fara ciwo. In ka danna ƙasa kawai baka tura ciki ba sala guntuwa zaka samu, tana da amfaninta wajen gyara siffa amma bata rage kauri. Kuma ka kakkaɓe fatar duk bayan danna biyu uku, salar da ta kwanta a wurin ita take shiga tafin hannu.

Yadda ake sauko da dakali ƙasa da layi kuwa, a ce fuskar da kake son ragewa ita ce ta ɗaya. Juyo ta sama, bi bakin da gajerun danna zuwa ƙasa, wannan zai ci ta biyun ya jawo bakin kusa da ta ɗaya. Juya, yanzu ta ɗaya tana ƙasa kuma bakin yana kusa da ita. Goga. Sai ka tura dogaye. In ka gama jere ɗaya ka maimaita wa ɗaya fuskar. Sala tana son bin kunya, irin kunyar gona nake nufi, duk sala biyu da suka fita kusa da juna suna barin ɗan tudu a tsakaninsu, to a daidai kan tudun nan zaka ɗora na gaba, zata bi shi ta yi nisa. Tazarar kamar ƙwayar shinkafa zuwa ƙwayar wake tsakanin danna da danna. Burinka kowace sala ta wuce tsakiya, in basu wuce ba faɗi ne kawai yake raguwa kauri yana nan, a ƙarshe ka samu wani abu kamar ƙwallon dabino.

Gindin kwalba yana da fuska mai tudu da fuska mai kwari. Mai tudun daɗin aiki gare ta, sala tana gudu a kai. Mai kwarin ita ce jarabawa, don sala bata tsallaka rami, tana zuwa zata karye. Kada kayi faɗa da ita, ka ci gefen da ya ɗaga da gajerun danna har sai abin da ya rage ya kusa miƙewa, eh faifan zai ƙanƙance, gara ƙaramin kai miƙaƙƙe da babba mai kama da cokali. Daga nan ka fara jawo siffar, kusurwa uku, ni nakan zana da alƙalamin maka a jiki don ido yana ruɗi. Gindi ka fara ragewa ya zama siriri tunda shi zai shiga kyauro, tsinin kuma ka bar shi da ɗan kauri sai can ƙarshe, in ka fiƙe shi da wuri zai ɓalle kana aikin wani wuri.

In sala ta karye a hanya ta bar gaɓa kamar matakala, kada ka sake turo wata ta wannan hanyar, a nan zata tsaya ita ma, kafin ka ankara ka tara tozo a tsakiyar kibiya. Wallahi na san zuciya tana cewa ƙara ɗaya zai fita, ba zai fita ba. Ka zagayo ta ɗaya gefen ka gyara dakali mai ƙarfi ka turo sala ta bayansa ta ɗauke shi, ko ta gefe. Wani lokacin in gaɓar ta fito sosai ana iya ɗora bakin basilla a kanta kai tsaye a tura. In duk ya ƙi, haƙura da shi, na farkon nan ba na nunawa bane.

Gurbin ɗauri, wato 'yan kunnuwan nan biyu na gindi, su ne ƙarshe kuma a nan ake yawan kuka. Ka samu wata wayar ka bubbuge bakinta ya zama falle kamar bakin sukundireba, ƙusa mai laushi ma tana yi a nan. Wurin da zaka yi gurbin dole ya riga ya zama siriri. Cire ƙaramar sala ɗaya, juya, ɗan goga cikin gurbin da gefen wayar, cire ta ɗaya fuskar daga daidai tsakiyar gurbin, juya, haka dai. Wayar kada ta taɓa gefen gurbin, tana taɓawa kunnen ya tafi. Ka yi biyun tare, nan kaɗan can kaɗan, in ka gama ɗaya tukun zaka wahala wajen daidaita ɗayan. Zurfin ƙwayar dawa ya isa a karon farko. Bayan nan ka bi baki da ƙananan danna ba tare da gogawa ba don kaifin ya dawo, ka fiƙe tsini kana turawa daga tsinin zuwa baya.

Ranar da ka samu ƙanƙara ta gaske, sai bugu ya shigo. Dutsen a kan fatar cinya, ko a hannu mai safa, ka nemo gefen da bai kai sikwaya ba, ka ɗan karkata shi ƙasa, ka sauke dutsen bugu kamar rabin faɗin farce daga baki. Ba jibga ba, saukewa, ka bar nauyin dutsen yayi aikin hannunka ya wuce kamar mai kaɗe ƙura a riga. Dutsen bugu yana bada sala mai kauri da ɗan kumburi a inda aka buga. Itace ko jan ƙarfe kuma a kan bakin kansa ake saukewa bayan an goge shi sosai, su suke bada sala mai faɗi siririya, da su ake rage kauri. Ka riƙe abun da kyau musamman in yayi tsawo, in ka bugi kai ɗaya ɗaya kan yana lilo girgizar kawai tana karya shi a tsakiya, nesa da inda ka buga. Kuma kada ka raina salar da ta fita, ita kanta wuƙa ce, babu wani gyara da zaka yi mata da zai kai kaifin da ta fito da shi. Wani gwanin sassaƙa na jihar Idaho a Amurka mai suna Don Crabtree, da aka zo yi masa tiyata da wuƙaƙen obsidiyan da ya sassaƙa da kansa aka tsaga shi. In kana son dogayen ruwan wuƙa sai ka fasa kan dutsen ya zama shimfiɗe, ka bi gefe kana bugawa a saman kunya, kowace ta fita ta bar kunya biyu na gaba.

Wata ƙanƙarar tana da gardama, gasa ta da wuta yana sa ta laushi, kuma dabara ce tsohuwa, a Pinnacle Point na Afirka ta Kudu an ga alamar ana yinta fiye da shekara 70,000 da suka wuce. Ana binne salolin ne a busasshen yashi zurfin kamar yatsu uku, a hura wuta a sama ta ci a hankali ta wuni, sannan a bari ya huce da kansa kwana ɗaya ko biyu ba a tona ba. Yawanci zafin digiri 200 zuwa 300 na ma'aunin Celsius ake nema. In ya yi, sabon wurin da ka ɓalla zai fito da sheƙi kamar an shafa mai. Kada ka jefa dutsen cikin wuta kai tsaye, fashewa yake yana harbi, kuma kwalba da obsidiyan basa buƙatar wannan sam.

In kana son ɗaurawa, tsaga kan kyauro kaɗan, ɗiga narkakken ƙaro da aka cuɗa da garin gawayi, zauna da kan a ciki ka juya kyauron a tafin hannu ka ga ko yana rawa, sai ka naɗe ta cikin gurbin da jiƙaƙƙiyar agara da aka daddaka aka tsefe, tana bushewa tana ƙara matsewa. Nawa dai na ado ne, ban taɓa harbin ko ƙadangare da su ba.

Ragowar tarkacen kuma, na kwalba ka tattara tampol ɗin ka juye a gwangwani mai murfi, kada ka zuba a bola haka inda masu tsince-tsince da awaki suke bi. Na dutse in zaka binne ka jefa murfin lemo ko tsabar kuɗi a ramin, don salar da ka cire jiya da wadda aka cire shekara dubu biyar da suka wuce kamarsu ɗaya, kada ka rikita mai bincike wata rana. Saboda haka ne ma bana sassaƙa a inda na tsinci dutse in naga alamar tsofaffin saloli a wurin, kuma wanda na gama nakan ɗan karce harafin sunana da shekara a gindinsa. In kuwa ka ci karo da na gaske a gona ko a daji, ka ɗauki hoto a inda yake ka sanar da gidan tarihi mafi kusa, a Najeriya doka ta hana sayar da kayan tarihi ko fita da su waje ba izini, kuma kada ka ce bari in gwada basilla a bakinsa in ga yadda zai ɓalle.